Yadda Ake Ɗora Hoton Saƙa Marar Mahaɗa a Kan Abu a Manhajar Renda

Akan ƙera kujerar falo a kwamfuta, siffarta ta yi daidai, hasken ɗakin ma ya zauna, amma da an yi renda, wato an sa kwamfuta ta fitar da hoton ƙarshe, sai ido ya ƙi amincewa da ita. Galibi laifin na yadin da aka lulluɓe ta da shi ne, kuma abu biyu ne ke jawo shi: girman zaren da inda zaren ya nufa. Ɗan adam ya san yadi tun yana jariri, yana taɓa shi kullum, don haka zare mai kaurin igiya a jikin matashin kai ba ya ɓuya ko ga wanda bai taɓa buɗe manhajar zane ba. Duk matakan da ke ƙasa an gina su ne a kan wannan. Zan yi misali da Blender saboda kyauta ce kuma kowa na iya sauke ta, amma tsarin ɗaya ne a 3ds Max, Cinema 4D, KeyShot ko Unreal Engine, sunayen maɓallai ne kawai ke canzawa.

Fara da sanin irin saƙar da ke hannunka

Hoton saƙa marar mahaɗa shi ne wanda bakinsa na dama ke ci gaba daidai a bakinsa na hagu, na sama kuma a na ƙasa, ta yadda idan manhaja ta jera shi sau ɗari ba za a ga inda aka haɗa ba. A hoton ƙasa ko na siminti wannan abu ne mai sauƙi, domin babu wanda ke bin diddigin kowane tsakuwa. Saƙa kuwa lissafi ce. Akwai zaren tsaye, akwai zaren kwance, kuma suna hawa kan juna bisa ƙa'ida.

A saƙa mafi sauƙi, zaren kwance yana hawa kan zare ɗaya, ya bi ta ƙarƙashin ɗaya, don haka tsarin yana maimaituwa bayan zare 2. A saƙar wandon jins, zaren tsaye yana hawa kan 3 ya bi ƙarƙashin 1, kowane layi kuma yana gocewa da taki guda, shi ya sa ake ganin layukan nan da suka karkace. Tsarinta na maimaituwa bayan zare 4. Saƙar satin da aka fi sani tana maimaituwa bayan zare 5, zare na shawagi a kan 4 kafin ya nutse, wannan ne ma sirrin ƙyallinta. Abin da ya sa na kawo waɗannan alƙaluma shi ne: dole adadin zaren da ke cikin hoton ya rabu daidai da adadin maimaituwar. Hoton jins mai zare 162 a faɗinsa ba zai taɓa haɗuwa ba, ko da launin bakunansa ya yi daidai, domin 4 ba ya raba 162. Layin da ya karkace zai karye a kowace mahaɗa.

Gwada hoton kafin ka ɗora shi a kan komai

Shafukan Poly Haven da ambientCG suna ba da hotunan yadi a ƙarƙashin lasisin CC0, wato za ka iya aiki da su har a aikin kuɗi ba tare da neman izini ba. Ko daga ina hoton ya fito, ka gwada shi. Buɗe shi a manhajar gyaran hoto ta GIMP, ka shiga Layer, sannan Transform, sannan Offset, ka gusar da shi da rabin faɗi da rabin tsawo. A Photoshop, Offset ɗin yana ƙarƙashin Filter, cikin Other. Wannan yana kawo bakunan hoton guda huɗu tsakiya, su haɗu kamar alamar tarawa. Matso kusa sosai ka bi zare ɗaya da ido har ya tsallake layin tsakiya. Idan ya wuce ba tare da ya yi tsalle ko ya canza kauri ba, hoton ya ci jarrabawar farko.

Jarrabawa ta biyu daga nesa ake yin ta. Jera hoton sau 5 a tsaye, sau 5 a kwance, ka ja baya. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya haske, ko akwai wani ƙulli ko tabo da ya fita daban, nan take za ka ga yana ta dawowa a jere. Bambancin haske ana gyara shi da matatar High Pass, wadda ke cire sauyin haske mai faɗi ta bar ƙananan bayanan zare. Tabo kuwa sai a shafe shi da kayan kwafe wuri, a ɗauko daga zaren da ke kan layi ɗaya.

Akwai matata a GIMP mai suna Tile Seamless da ke haɗa bakunan hoto da dannawa ɗaya. Ina ba ka shawara kada ka kusance ta da hoton saƙa. Aikinta shi ne ta narkar da kwafin hoton a kan kansa, sai ka sami zare biyu suna leƙen juna a wuri ɗaya kamar hoton da hannu ya girgiza. In kai ka ɗauki hoton yadin da kyamararka, hanyar ita ce ka miƙe zaren ya yi daidai da bakin hoton, ka ƙirga, ka yanke a kan iyakar maimaituwa, sannan ka gyara mahaɗar da hannu. Yana cin lokaci, amma babu wata hanyar.

Taswirorin da ke zuwa tare da hoton

Kunshin matiriyal mai kyau, wato abin da ke ba fatar abu kamanninta a manhaja, ba hoto ɗaya ba ne, yana zuwa da wasu hotunan bayani da ake kira taswirori. Za ka tarar da hoton launi, da taswirar kaushi mai gaya wa manhaja inda haske zai watse da inda zai yi ƙyalli, da taswirar nomal mai launin shuɗi-shuɗi wadda ke karkatar da haske kamar akwai tudu da kwari, da taswirar tsayi mai launin toka. Yadi mai ramuka kamar labulen raga ko kwandon saƙa yana zuwa da ta biyar, taswirar alfa, mai nuna inda ake gani ta ciki.

Game da girma, 2K wato fiksel 2048 a kowane gefe ya isa yawancin aiki, tun da hoton maimaituwa zai yi. Mutane na son sauke 8K don ganin lambar ta fi girma, alhali hoton 4K guda ɗaya mai tashoshi huɗu (ja, kore, shuɗi da alfa) yana cin kusan megabait 64 a ƙwaƙwalwar katin zane idan aka buɗe shi, na 8K kuma ninki huɗu na haka. Ka ninka da taswirori huɗu, ka ninka da yawan yadukan da ke ɗakin. Abin da ya kamata ka duba shi ne fiksel nawa kowane zare ya samu. Zare 160 a hoton 2048 yana ba kowane zare kusan fiksel 13, wanda ya wadatar sai fa in kyamara za ta kusan taɓa yadin.

Shimfiɗar UV, inda rabin aikin yake

UV ita ce shimfiɗar fatar abin da ka ƙera a kan fili mai murabba'i, wadda ke gaya wa manhaja inda kowane ɓangaren hoto zai zauna. Kafin ka taɓa matiriyal, zaɓi abin da ka ƙera ka danna Ctrl da A, ka zaɓi Scale. Wanda ya tsallake wannan zai ga saƙarsa ta miƙe ta gefe ɗaya, ya yi ta neman laifin a inda babu shi. Ka kuma tabbatar abin yana da girmansa na gaskiya: matashin kai santimita 50, ba mita 5 ba.

Yanzu ka yi tunani irin na tela. Tela ba ya naɗe kujera da yadi guda. Yana yanka gaba daban, baya daban, hannuwa daban, yana kwantar da kowane yanki a kan yadin bisa tsawon zare, sannan ya ɗinke. Haka za ka yi. Shiga Edit Mode, zaɓi gefunan da ɗinki zai bi a ainihin kujera, ka sa musu Mark Seam, sannan ka zaɓi komai ka danna U ka zaɓi Unwrap. Duk inda ka sa wannan alama saƙa za ta katse, kuma katsewar saƙa a kan layin ɗinki abu ne da ido ya saba gani, har yana ƙara wa aikin gaskiya. Katsewa a tsakiyar wurin zama kuwa aibi ne.

Kada ka ɗora yadin tukuna. Ƙirƙiri sabon hoto a Image Editor, ka zaɓi nau'in UV Grid, ka sa wa abin. Ƙananan murabba'ai za su rufe shi, kuma abu uku kake nema. Na farko, su kasance murabba'ai na gaske, ba su miƙe ba. Na biyu, girmansu ya zama ɗaya a kowane yanki. Idan na hannun kujera sun fi na wurin zama girma, zaɓi dukkan yankunan a UV Editor ka yi amfani da Average Islands Scale. Na uku, layukansu su bi alkiblar da zare zai bi. A bayan kujera da gabanta zaren tsaye yana tafiya daga sama zuwa ƙasa, a labule ma haka. Yankin da ya karkace, juya shi a UV Editor har ya miƙe. Ga abu mai siffar ɗamara ko bututu, kamar madaurin jaka, zaɓi fuska ɗaya mai kusurwa huɗu, ka daidaita ta, ka yi amfani da Follow Active Quads, sai dukan yankin ya miƙe sambal.

Ba dole ba ne yankunan su tsaya cikin murabba'in UV ko su guji hawa kan juna, tun da hoton maimaituwa yake yi ta ko'ina. Wannan 'yanci ne da ya kamata ka mora.

Haɗa akwatuna

Je shafin Shading, ka ƙirƙiri sabon matiriyal. A nan ana gina matiriyal ne da akwatuna da ake haɗawa da layuka. Za ka tarar da babban akwatin, Principled BSDF, wanda aka gina bisa tsarin da Brent Burley na kamfanin Disney ya gabatar a 2012. Idan ka kunna ƙarin kayan aiki na Blender mai suna Node Wrangler a cikin saituna, zaɓar wannan akwati da danna Ctrl, Shift da T zai ba ka damar zaɓar dukkan taswirorin lokaci guda, ya haɗa su da kansa bisa sunayen fayilolin. Yana da sauri, amma ka bi bayansa ka duba, domin sanin abin da ya haɗa shi zai cece ka ranar da ya yi kuskure.

Tsarin shi ne: Texture Coordinate yana ba da UV ga akwatin Mapping guda ɗaya, shi kuma ya raba wa dukkan hotunan. Guda ɗaya nake jaddadawa, domin idan launi da nomal suka sami ma'auni daban, inuwar zare za ta faɗi a inda babu zare. Hoton launi ya shiga Base Color, a bar shi a kan sRGB. Duk sauran, kaushi da nomal da tsayi da alfa, a mayar da Color Space ɗinsu Non-Color, saboda lambobi ne suke ɗauke da su, kuma idan manhaja ta ɗauke su a matsayin launi za ta lanƙwasa lambobin. Taswirar nomal ba ta shiga kai tsaye, sai ta bi ta akwatin Normal Map.

Taswirar nomal iri biyu ce. Blender da Unity suna karanta ta OpenGL, Unreal Engine kuma ta DirectX, bambancinsu kawai tashar kore ce da aka juya. A sunan fayil za ka ga gl ko dx. In ka sa wadda ba ita ba, zaren kwance zai zama kamar ya lotsa ciki maimakon ya taso. Idan ta DirectX kaɗai ka samu, raba launukan da Separate Color, ka juya koren, ka sake haɗawa da Combine Color. Haka nan wasu kunshin suna zuwa da taswirar sheƙi a madadin ta kaushi, wadda kishiyarta ce, sai a juya ta kafin ta shiga Roughness. Fayil mai arm a sunansa kuwa taswira uku ce a dunƙule: inuwar lungu a ja, kaushi a kore, ƙarfe a shuɗi.

Lissafin girma

Nan ne nake so ka fi tsayawa. Kada ka riƙa jan lambar Scale har sai ta yi maka kyau a ido. Ido yana ruɗuwa, kuma kusan kullum yana barin zare ya yi kauri fiye da kima don ya ga kyawun saƙar. Nemo girman yadin da hoton ke wakilta. Poly Haven na rubuta wannan a shafin hoton. A ce hoton yana wakiltar santimita 20 a kowane gefe, fuskar matashinka kuma santimita 50 ce, kuma ta cika murabba'in UV daga baki zuwa baki. Raba 50 da 20, ka sami 2.5. Ita ce lambar da za ka sa a X da Y na Scale. Idan fuskar rabin murabba'in kawai ta cika, lambar ta zama 5.

In ba a rubuta girman ba, ƙirga zaren. Ɗauki ainihin yadi mai kama da shi, ka ɗora ruler, ka ƙirga zare nawa ne a santimita ɗaya. A ce ka sami 8, hoton kuma yana da zare 160 a faɗinsa, to santimita 20 ke nan yake wakilta. Daga nan sai ka tabbatar a cikin manhaja: ƙirƙiri ɗan ƙaramin kwali mai santimita ɗaya, ka ajiye shi a kan yadin, ka matso da kyamara ka ƙirga zaren da ya rufe. Minti biyu ne, kuma yana kawar da duk wata tantama. Masu 3ds Max suna da zaɓin Real-World Scale, masu SketchUp kuma suna rubuta faɗi da tsawon hoton kai tsaye, amma su ma sai sun san adadin da za su rubuta.

Abu biyu ka kiyaye a akwatunan nan. Hoton da ba murabba'i ba ne, kamar 2048 a 1024, yana buƙatar lambar Y ta ninka ta X, in ba haka ba zaren zai matse. Sannan kada ka juya saƙa da Rotation na akwatin Mapping alhali akwai taswirar nomal: hoton zai juya, amma alkiblar hasken da ke rubuce a cikinsa ba za ta juya ba, sai inuwa ta fito ta gefen da fitila take. Juyawa a UV Editor ake yi. Shi kuma Extension na kowane hoto ya zauna a kan Repeat. Zaɓin Mirror yana ɓoye mahaɗa, amma yana mayar da layin jins da ya karkace ya koma zigzag, wato wata saƙa daban.

Yadda yadi ke karɓar haske

Metallic ya zauna a sifili, sai in akwai zaren ƙarfe a saƙar. Auduga, lilin da ulu suna son kaushi mai yawa, daga 0.7 zuwa sama. Satin da siliki suna sauka zuwa wajen 0.3 ko 0.4, kuma a Cycles, ɗaya daga cikin injinan renda na Blender, suna amfana da Anisotropic tare da akwatin Tangent da aka ɗora kan UV, don ƙyallin ya ja bisa zaren.

Sai Sheen, wanda shi ne ke ba yadi wannan laushin haske da ake gani a gefen lanƙwasa, inda ƙananan gashin zare ke kama haske. An sake gina shi a Blender 4.0 da ta fito a watan Nuwamba 2023, yana da Weight da Roughness da Tint. Ga yadin kujera na yau da kullum, Weight na 0.2 zuwa 0.4 ya isa. Karammiski ne ke son a cika masa. Ka ba Tint launin yadin da ya ɗan fi haske, domin fari tsantsa yana sa kujera ta zama kamar ƙura ta lulluɓe ta.

Taswirar tsayi kuma ya danganta da nisan kyamara. Ga yadi mai ƙananan zare, nomal kaɗai ta wadatar. Ga saƙa mai kauri kamar kwando, tabarma ko kafet na igiya, inda ake ganin tudun saƙar a gefen abin, sai a haɗa taswirar da akwatin Displacement, a kai ta Material Output, a canza saitin matiriyal zuwa Displacement and Bump, sannan a ƙara wa abin fuskoki da Subdivision Surface. Scale ɗin a mita yake, don haka 0.002 yana nufin milimita 2. Yi amfani da fayil mai bit 16 ko EXR. Mai bit 8 matakai 256 kacal gare shi, kuma suna fitowa kamar matattakala a jikin zaren.

Karya maimaituwa ba tare da karya saƙa ba

Ko hoton ya yi kyau yaya, a kan babban labule ko kafet ido zai fara gane inda yake dawowa. Dabarun da ake yi wa ciyawa da ƙasa, na juya kowane yanki ko gusar da shi, ba sa aiki a nan domin suna yanke zare. Bar saƙar yadda take, ka ɗora sauyi mai faɗi a kanta. Ɗauki Noise Texture mai manyan gizagizai, ka haɗa shi da hoton launi ta akwatin Mix a yanayin Multiply, da ƙarfi kaɗan, 0.1 zuwa 0.2. Ka ba kaushi irin wannan sauyin da wani Noise daban. A wuraren da jiki ke gogawa, kamar bakin hannun kujera, ɗan rage kaushi da ɗan kodar da launi yana yin tasiri ƙwarai. Matasai biyu da ke kusa da juna kuma, gusar da UV na ɗaya kaɗan don kada su fara daga zare ɗaya.

Gwajin ƙarshe da renda

Gwada matiriyal ɗin da fitila ɗaya da ke haskowa daga gefe, kusan a kwance da yadin, domin irin wannan hasken ne ke tona nomal da aka juya ko tudun da ya wuce kima. Sannan ka yi renda daga wuri biyu, kusa da nesa. Daga nesa za ka iya ganin wasu zobba ko igiyoyin ruwa suna yawo a kan yadin. Suna fitowa ne idan zare ya fi fiksel ɗin allo ƙanƙanta, kuma a bidiyo sun fi muni domin rawa suke yi. Maganinsu shi ne ƙara yawan samfur (Samples, wato sau nawa manhaja ke lissafa hasken kowane fiksel), ko yin renda a ninki biyu na girman da kake so sannan ka rage, ko rage ƙarfin nomal da bambancin launin zare a abubuwan da ke can ƙuryar ɗaki. Kada ka ƙara girman saƙar don ka gudu musu.

Mai share hatsi-hatsin renda shi ma yana iya ɗaukar ƙananan zare a matsayin datti ya goge su, yadin ya fito sumul kamar roba. A saitin Denoise ka tabbatar Passes yana kan Albedo and Normal, ka kuma ba shi samfur masu yawa da zai yi aiki da su. Idan launin ya fito a kode fiye da na hoton asali, duba View Transform kafin ka taɓa matiriyal: AgX, wanda shi ne zaɓin da Blender ke zuwa da shi tun daga 4.0, yana sassauta launuka masu ƙarfi, kuma zaɓar Punchy a ƙarƙashin Look yakan dawo da su.

Da komai ya zauna, sa wa matiriyal ɗin suna mai ɗauke da girmansa, misali lilin toka 20cm, ka danna masa dama ka zaɓi Mark as Asset don ya shiga ma'ajiyarka. Kafin ka tura fayil ɗin wata kwamfuta, shiga File, External Data, ka danna Pack Resources, in ba haka ba wanda ya buɗe zai tarar da kujerar ta koma launin hoda mai kauri, alamar Blender ta nemi hotunan ta rasa.